Darasi: Yaushe Dutsen Zai Faɗo Ƙasa?

Ɗalibi, duk abin da ka jefa sama sai ya dawo, domin ƙasa tana jan sa. Wannan ja yana ƙara wa abu mai faɗowa gudun mita 9.8 a kowace sakan. A aji mukan mai da shi 10 don sauƙi.

A ce kana kan bene mai tsayin mita 25, ka jefa dutse sama da gudun mita 20 a sakan guda. Bayan sakan t, nisansa daga ƙasa shi ne:

h = 25 + 20t − 5t²

Lokacin da dutsen ya taɓa ƙasa, h ya zama sifiri. Sai ka sake jera lissafin:

5t² − 20t − 25 = 0

A nan a = 5, b = −20, c = −25. Yanzu ka ɗauko ƙa'idar kwadiratik:

t = (−b ± √(b² − 4ac)) ÷ 2a
t = (20 ± √900) ÷ 10
t = (20 ± 30) ÷ 10

Amsa biyu suka fito: 5 da −1. Wacce za ka ɗauka? Lokaci ba ya komawa baya, saboda haka ka ajiye −1. Dutsen zai faɗo bayan sakan 5. Ƙa'ida tana ba da lambobi, amma hankalinka ne zai zaɓi wadda ta dace.

Ka kula da alamar ragi. Ɗalibai da yawa a nan suke tuntuɓe, su rasa maki a jarrabawa.

Aiki: An jefa ƙwallo sama daga tsayin mita 15 da gudun mita 10 a sakan. Yaushe za ta taɓa ƙasa? Bayyana dalilin zaɓinka da jimla ɗaya ta Hausa.