TUNAWA DA SOJOJIN DA SUKA RASU A BAKIN AIKI: ABIN DA SUNNA TA KARANTAR DA MU

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani al'amari da ya taɓa gidaje da yawa a jihar Tilaberi. Ranar 10 ga Disamba 2019 aka kai hari barikin soji na Inates, kusa da iyakar Mali, sojojin Nijar 71 suka rasa rayukansu. Ba a cika wata guda ba, ranar 9 ga Janairu 2020, aka sake kai hari Shinagodar, aka kashe 89. A kowane karo gwamnati ta yi shelar zaman makoki na kwana uku, aka sauke tuta zuwa rabin sanda. Mu mutanen Tabla da Baleyara da Filinge da sauran ƙasar Kurfai ba labari muke ji daga nesa ba, domin 'ya'yanmu da ƙannenmu suna cikin wannan aiki. Saboda haka ya wajaba mu san yadda Musulmi yake girmama wanda ya faɗi yana tsaron jama'a.

Al'adun ƙasashe

Da yawa daga cikin bukukuwan tunawa da sojoji sun samo asali daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka tsayar da ƙarfe 11 na safiyar 11 ga Nuwamba 1918. A wannan rana mutanen Ingila sukan maƙala jan fure a ƙirji su yi shiru na minti biyu, a Faransa kuma ana ajiye furanni a kabarin sojan da ba a san sunansa ba, a birnin Faris. Amurka ta ware Litinin ɗin ƙarshe ta watan Mayu. Maƙwabciyarmu Nijeriya ta mai da tata ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ana ajiye furanni, a saki tantabaru, a kuma yi addu'o'i a masallatan Juma'a da majami'u. A nan Nijar, sojojin Inates an binne su a sansanin mayaƙan sama na Yamai, kuma ranar 15 ga Disamba 2019 shugabannin ƙasashen Sahel suka tsaya a kan kaburburansu.

Manufar waɗannan al'adu ita ce kada a manta da wanda ya ba da ransa, kuma rashin mantawa da alheri hali ne da Musulunci ya yaba. Sai dai fure ba ya isa ga mamaci, shiru kuma ba ya ciyar da maraya. To, me Manzon Allah (SAW) ya yi wa nasa mayaƙan da suka faɗi?

Darasi na farko: addu'a da ziyara

A yaƙin Uhudu, cikin Shawwal na shekara ta 3 bayan Hijira, sahabbai wajen 70 suka yi shahada, cikinsu har da baffan Annabi, Sayyidina Hamza, da Mus'abu ɗan Umairu. An binne su a filin dagar da tufafinsu da jininsu, ba a yi musu wanka ba. Wannan shi ne hukuncin shahidin fagen fama da muka karanta a Risala: a mazhabar Imamu Malik ba a yi masa wanka, ba a sallace shi. Suratu Ali Imrana, aya ta 169 zuwa 171, ta sanar da mu cewa rayayyu ne wajen Ubangijinsu, ana ciyar da su. Buhari ya ruwaito cewa shekara takwas bayan haka, gab da wafatinsa, Annabi (SAW) ya yi wa mutanen Uhudu addu'a kamar mai ban kwana da rayayyu da matattu. Ke nan tsawon shekaru bai sa ya manta da su ba.

A kula da wani ladabi a nan. Muna yi wa sojanmu Musulmi kyakkyawan zato da fatan shahada, amma ba mu yanke wa wani mutum ayyananne hukunci, domin Allah kaɗai ya san niyya. Abin da ke kanmu shi ne roƙa masa gafara.

Darasi na biyu: iyakar makoki

Shari'a ta iyakance makoki ga kwana uku, sai matar mamaci, wadda take takaba wata huɗu da kwana goma, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 234. Mai ciki kuwa iddarta haihuwa. Hawaye ba laifi ba ne. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da marin fuska. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8, da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada, Annabi (SAW) ya yi umarni a dafa wa iyalinsa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Bayan kwana uku ya je gidan, ya sa aka kawo 'ya'yan, aka kira wanzami ya yi musu aski, ya yi musu addu'a. Mu kuwa sau da yawa mukan juya al'amarin: masu ta'aziyya su cika gida kwana bakwai, rumbun marayu ya ƙare wajen ciyar da baƙi.

Darasi na uku: bashi da gado

Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi kowane zunubi in ban da bashi. Mahaifin Jabiru, wato Abdullahi ɗan Amru, ya faɗi a Uhudu ya bar 'ya'ya mata da bashi mai nauyi. Annabi (SAW) da kansa ya je gonar dabinon, ya tsaya har aka biya masu bin bashi. Don haka duk wanda yake son ya girmama soja mamaci, ya tambayi iyalinsa ko ana bin sa, a wurin mai shago ko abokin aiki, ya taimaka a biya. Wanda yake bin sa kuma, in yana da hali, ya yafe.

Haka nan matar Sa'adu ɗan Rabi'u, wanda shi ma ya faɗi a Uhudu, ta kawo ƙara cewa baffan 'ya'yanta mata biyu ya kwashe dukiyar duka. Tirmizi da Abu Dawuda sun ruwaito cewa a kan haka ayar gado ta sauka, aka ba 'yan matan kashi biyu cikin uku, uwarsu ɗaya cikin takwas, saura na baffa. Wannan gargaɗi ne ga dangin da suke rige-rige kan kuɗin da hukuma ta biya, su bar bazawara da yara hannu banza. Suratun Nisa'i, aya ta 10, ta kwatanta cin dukiyar maraya da cusa wuta a ciki.

Abin da ya kamace mu

Duk lokacin da aka yi shelar makoki, ko ranar tunawa ta zagayo, muna kira ga limamai da kwamitocin masallatai su yi abu huɗu. Na ɗaya, a yi addu'a ga mamatan da waɗanda ke bakin daga, tare da talakawan da aka kashe a gonaki da hanyoyin kasuwa. Na biyu, a san kowane gidan soja mamaci a unguwa, a naɗa dattawa biyu amintattu masu leƙa su bayan jama'a sun watse. Na uku, masu ilmin boko su raka bazawara ofishin magajin gari da sauran ma'aikatu wajen neman takardar mutuwa da takardun haihuwar yara, domin da su ake karɓar haƙƙi. Na huɗu, idan an yi girbi a tuna da su a zakkar hatsi in sun cancanta, a kuma tabbatar yaran ba su bar makarantar allo ko ta boko ba. Manzon Allah (SAW) ya yi wa mai riƙon maraya bushara da kusanci da shi a Aljanna, ya nuna yatsunsa biyu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyalansu haƙuri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu ikon aiki da abin da muka karanta. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.