Yadda Ake Kashe Jiniyar Mota Idan Ta Ƙi Yin Shiru

A hutun da ya wuce kawuna ya zo mana Karakkai daga Gusau da wata mota 'yar Kwatano da ya saya. Wajen ƙarfe biyun dare hadari ya taso, aka yi wata tsawa, sai motar nan ta ɓarke da kuka, fitilunta suna ta walƙiya. A irin zaman ɗar-ɗar da muke ciki a Zamfara, ƙara da tsakar dare ba abin wasa ba ce. Mata suka suri yara, wani maƙwabcinmu har ya haura katanga. Kawu ya yi ta danna rimot a banza. Tana yi tana hutawa har asuba, batir ya mutu. Kakata da za a kai asibiti Bungudu, sai a babur aka ɗauke ta.

Abin da ya sa ke nan na tsare wani rewaya da tambaya, na haɗa da abin da muka koya a darasin lantarki.

Ita jiniyar nan tana da 'yan na'urori a ƙofofi da bonet, da wata mai jin girgiza. Su ke kai rahoto ga wani ɗan akwati, shi kuma ya sa kuka. To, akwatin nan ba ya bambanta ɓarawo da tsawa. Ƙura a makamar bonet, ko batir mai rauni, duk suna iya ruɗa shi.

Idan ta fara, a danna maɓallin buɗewa na rimot. In ya ƙi, wataƙila ɗan batirinsa mai kama da kwabo ya ƙare, watau mai bolt 3. Sai a zura makulli a ƙofar direba, a kulle, a buɗe. In ba ta daina ba, a shiga a ta da inji da makullinta na asali. Yawanci a nan take yin shiru, domin ta gane mai ita.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a kashe inji, a buɗe bonet, a kwance kan batir. A nan ne nake roƙon iyayenmu su lura. Baƙar waya mai alamar ɗebewa ake fara cirewa, ba ja ba. Dalili kuwa, jikin mota duka a haɗe yake da baƙar. In ka ɗora sifana a kan jar waya ta taɓa ƙarfen mota, wuta za ta yi tartsatsi, ko da yake batirin bolt 12 ne kurum. A jira 'yan mintoci, sa'an nan a mayar, a ɗaure tam.

Wata jiniyar tana da nata ɗan batir a ciki, saboda haka ko an kwance na motar za ta ci gaba. Wannan kam kada a kai mata almakashi, gama ana iya yanke wayar da ke ta da inji. Aikin rewaya ne. Ta kawu dai da aka duba, batirin ne ya tsufa tun daga Kwatano.