Mene Ne Da'irar Analog, Kuma Me Take Yi a Cikin Waya?

Ana kiran wayar zamani na'urar dijital, amma duk inda za ta haɗu da murya, haske ko wutar caji, da'irar analog ce ke tsaye a bakin ƙofa. Kalmar daga Girkanci ta samo asali, tana nufin abin da ya yi daidai da wani. Da Turanci ana cewa analog, da harshen Fotugal kuma analógico.

A irin wannan da'ira, ƙarfin wuta yana hawa da sauka sannu a hankali, kamar yadda ake murɗa maɓallin tsohuwar rediyo murya ta ƙaru kaɗan-kaɗan. Ta dijital kuwa makunnin fitila ce: ko a kunne ko a kashe, 1 ko 0.

Idan matashi a Makera ya naɗi saƙon murya a WhatsApp, makirfon ne ke mayar da girgizar iska zuwa 'yar siririyar wuta, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, sannan wani sashe ya yayyanka ta zuwa lambobi. A tsohon tsarin kiran waya, sau 8,000 ake wannan awon cikin daƙiƙa ɗaya. Can wajen mai karɓa sai a juya aikin, domin lasifika ba ta san lamba ba. Rediyon FM na cikin waya ma analog ne, shi ya sa wayoyi da yawa ba sa kama tasha sai an jona iyafis: igiyarsa ce eriya.

Inda abin ya fi shafar aljihu shi ne caji. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, caja ta sauke ta zuwa bolt 5, sannan IC ɗin caji ya riƙa ba batiri gwargwado har ya cika, yawanci tsakanin bolt 4.2 da 4.4. A Makera da Kakuri, kamar sauran unguwannin Kaduna, in an ɗauke wuta janareta ake komawa, kuma wutarsa ba ta cika zama wuri ɗaya ba. Cajar kirki tana tace wannan hawa da saukar. Ta jabu, wadda aka rage wa kayan ciki don ta yi araha, sai ta miƙa wa waya abin da ya zo. Kuɗin canza IC ɗin da ya ƙone kuwa ya kan ninka na cajar kirki.

Akwai alamar da ba ta buƙatar mai gyara: idan allon waya ya fara danna kansa da zarar an jona caji, ya kuma daina da an cire, cajar ce ke turo gurɓatacciyar wuta.