Shirin Tseren Iyo, Keke da Gudu

Tun ran da malamin wasanni ya liƙa takarda a allon sanarwa cewa za a gwada wani sabon tsere a ƙarshen wannan zango, gardama ta ƙi ƙarewa a ɗakunan kwana. Wasu sun ce ai wasan Turawa ne, wasu kuma sun ce neman suna ne kawai. Ni dai na ba da sunana, shi ya sa na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu abin da na koya cikin makonni bakwai na shiri.

Sunan wasan tirayatalon, wato tsere uku a haɗe. Mutum zai yi iyo, ya fito ya hau keke, ya sauka ya sheƙa da gudu, agogo kuwa ba ya tsayawa sai ya kai ƙarshe. An fara shi a irin tsarinsa na yanzu a birnin San Diyego na Amurka a 1974, ya kuma shiga wasannin Olamfik a Sidni ta Ostareliya a 2000. A Olamfik ana iyon kilomita 1.5, tuƙin keke na kilomita 40, da gudun kilomita 10. Akwai gajere mai rabin wannan, wanda masu koyo suka fi shiga. Namu na makaranta ko rabin gajeren bai kai ba, amma duk da haka ya ishe mu aiki.

Na tambayi Malam dalilin da ya sa iyo ke zuwa farko. Ya ce wanda ya gaji a kan keke sai ya sauka, wanda ya gaji da gudu sai ya zauna, amma wanda ya gaji a tsakiyar ruwa ba shi da wurin tsayawa. Don haka ake shiga ruwa tun da sauran ƙarfi.

Iyon ne kuwa ya fi ba ni wuya. Da ina taƙama na iya, tun da na yi wasa a kududdufin garinmu ina yaro. Ashe fantsama kawai nake yi. Ran farko ban yi mita 25 ba na kama gefe ina haki. Kuskurena shi ne ɗaga kai sama, domin da zarar kai ya tashi sai ƙafafu su nutse, jiki ya yi nauyi. Abin da aka koya mini shi ne in sa fuska cikin ruwa, in fitar da numfashi a ciki, sa'an nan in juya kai gefe in shaƙi iska. Na sha ruwa ba kaɗan ba kafin abin ya zauna.

A nan ina roƙon 'yan'uwa kada kowa ya saci jiki ya tafi dam ko kududdufi da sunan koyo. Ban da haɗarin nutsewa, akwai tsargiya, wadda ƙwayoyinta ke fitowa daga ƙananan dodon-koɗi su huda fata, daga baya a ga jini a fitsari. Wannan ne ya sa Baba ya hana ni da farko. Sai da Malam ya rubuta masa cewa a wurin iyo na siminti za mu riƙa yi, da mai tsaro a tsaye, sa'an nan ya yarda, bisa sharaɗin cewa in sakamakon jarrabawata ya sauka, magana ta ƙare.

Keken aro nake hawa, na wani yayana. Kowane keke ya isa mai koyo, in dai birkinsa na kamawa, tayoyin na da iska, an kuma ɗaga sirdin yadda ƙafa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka ƙasa. Hular kwano dole ce, kuma doka ta ce a ɗaure ta kafin a ɗauko keken. Wurin sauya kaya ma cikin lokacin tsere yake, don haka mukan jera takalmi da riga a kan tawul, mu yi ta gwada sawa da sauri.

Gudu na ɗauka sauƙi ne, tun da muna zagaye fili kowace Asabar. Ran da na fara sauka daga keke na ce zan ruga, sai na ji ƙafafuna kamar an ɗaura musu buhun gero. Maganinsa kawai a saba, wato sau ɗaya a mako a yi gudun minti goma nan take bayan keke, da gajerun taku.

Yanzu ina fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, kwana biyar a mako, in huta biyu, ina kuma shan ruwa sosai. Saura makonni uku. Jiya na yi iyon mita 150 ban kama gefe ba, ana kuwa bukatar 200, ga kuma jarrabawar lissafi ran Litinin.