Yadda Ake Zaɓar Ƙofar Gida a Cikin Birnin Kano

Wanda zai sa sabuwar ƙofa a gidan cikin badala, a unguwanni irin su Yakasai, Jakara ko Mandawari, kada ya fara da kasuwa. Ya fara tsayawa a bakin lungu ya ƙare wa gininsa kallo. Bangon na tubali ne ko na bulo? Akwai zankwaye a kan soron? Akwai zane a goshin zauren? A tsarin ginin Kano bango ne ke ɗaukar ado, dagi da sauran zane duk a kansa ake yi, shi kuwa kyaure aikinsa nauyi da ƙarko. Idan aka kawo ƙofa mai ƙyalli da gilashi, irin waɗanda ake shigowa da su daga China da Turkiyya, aka liƙa a jikin bangon da ya sha makuba, sai su yi ta gasa da juna, kuma babu wanda zai ci.

Kafin a yanke shawara, yana da kyau a leƙa Gidan Makama, wanda tarihinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). A can aka ajiye tsofaffin kyaurayen ƙofofin gari. Sillayen ƙarfe ne maƙera suka jera suka ɗinke da manyan ƙusoshi, kuma kan ƙusoshin nan shi ne duk adon da ke jiki. Mai walda da ya fahimci wannan zai iya fitar da irinsa da ƙarfen zamani.

Daga nan sai a tambayi aikin ƙofar. Ta zaure a buɗe take wuni. Maigida na karɓar baƙi, almajirai na shiga da fita, masu talla na sallama. Sutura ba daga kyauren take zuwa ba, daga tsarin ginin ne: ba a saita ƙofar waje da ta shiga cikin gida, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Saboda haka a tabbata sabuwar ƙofar ba ta ɓata wannan karkacewar ba. Na ga gidajen da aka faɗaɗa ƙofa don babur ya shiga, daga baya aka koma rataya labule. Kuma kyauren ya riƙa buɗewa ta ciki, domin lungunan cikin gari ba su da faɗin da za a tura wa mai wucewa ƙarfe a fuska.

Sai awo, kuma a nan ne aka fi yin asara. Ƙofofin kasuwa yawanci faɗin ƙafa 3 ne ko 4, tsayi ƙafa 7. Tsofaffin zaurukan kuwa kowanne da nasa awon, wani saman ma a lanƙwashe yake. A auna faɗi a sama, a tsakiya, a ƙasa, don bangon ƙasa ya fi kauri daga tushe, yana sirancewa yayin da yake hawa. A ɗauki mafi ƙanƙanta. A kuma tuna da abin da zai ratsa ta wurin: gadon amarya, buhun hatsi, makara. Idan awon kasuwa bai dace ba, a ba kafinta ko mai walda ya ƙera daidai wurin. Sare bango don ƙofa ta shiga shi ne mafarin tsagewar soro.

Katako ko ƙarfe? Katakon maɗaci da na loko suna da kyau a ido, ba sa ɗaukar zafi, amma sai sun bushe sarai. Ɗanyen katako yana kumbura da damina har ya ƙi rufuwa, hunturu na shigowa ya tsage. Dole a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai, musamman ƙafafun firam ɗin da za su taɓa ƙasa. Ƙarfe ya fi tsaro, kuma a kasuwar Ƙofar Ruwa za a samu kowane kauri. A ƙwanƙwasa a ji: mai kauri amonsa a dunƙule yake, na banza kuwa kamar gwangwani. A fara shafa jan fenti mai hana tsatsa kafin na ado. A lura da inda ƙofar ta fuskanta. Hadarin Kano daga gabas ya fi tasowa, don haka ƙofar gabas ita ke shan feshi, ta yamma kuma ta sha ranar la'asar har a kasa taɓa ta.

Kafawa aikin magini ne, kuma a nemi wanda ya san ginin ƙasa. Siminti ba ya kama jikin tubali da kyau, bayan damina biyu ko uku sai ya ɓalle ya tafi da firam ɗin. Abin da ake yi shi ne a binne guntayen azara ko katako mai ƙwari a cikin bangon a ɗaure firam a kansu, ko a tayar da ginshiƙin bulo hagu da dama tun daga tushe. A duba azarar da ke saman ƙofa, idan gara ta ci ta a sauya kafin a rataya komai. Dokin ƙofa kuma a ɗaga shi sama da lungu, tunda kowace shekara ana ƙara ciko a hanya, gidaje na nutsewa, ruwan Agusta na neman hanyar shiga. A ɗaga indararo ko a karkatar da shi idan yana zuba kusa.

Launi ya bi bangon: ruwan ƙasa, baƙi ko kore mai duhu. Idan ana son dagi, guda ɗaya a tsakiya ya isa. A sa hinji uku maimakon biyu, sakata mai kauri ta ciki, da kuba mai kyau ta waje, a ajiye makulli ɗaya wurin babban gida. Sannan a buɗe a rufe sau da yawa a gaban maginin, a ga kyauren bai goge ƙasa ba, ba ya kuma komawa da kansa, kafin a biya shi cikon kuɗinsa.