Kada Mai Aron Littafi Ya Riga Ka Sanin Na'ura Ta Tsaya

Na'urar da mai karatu yake aron littafi ko ya mayar da shi da kansa ba kasafai take mutuwa ɗungurungum ba. Abin da ke tsayar da ita ƙarami ne: takardar rasit ta ƙare, ƙura ta rufe idon da ke karanta katin mamba, ko layin da ya haɗa ta da kundin laburare ya katse. Ma'aikaci yana can bakin aikinsa, ba zai sani ba sai mutane sun taru, wani ya zo da ƙorafi.

Ka fara sanin abin da kake gadi. Kwamfuta ce a cikin akwati, da allon taɓawa, da firinta, da faifan da ke karanta alamar RFID da aka manna a bangon littafi. Singafo ta fara amfani da irin wannan alama a laburarenta tun 1998. Ita na'urar ba ta san wanda ake bi tara ba, ba ta kuma san littafin da aka hana fita da shi ba. Tambayar kundin take yi ta hanyar SIP2, ƙa'idar da kamfanin 3M ya ƙirƙiro, wadda manhajar kundin laburare ta Koha ma ke aiki da ita. Saboda haka in allo ya daskare, sau da yawa ba a akwatin laifin yake ba.

Kamfanoni irin su Bibliotheca suna ba da shafin da duk na'urorinka za su riƙa kai rahoton lafiyarsu ta intanet. Ka kunna shi, amma kada ka buɗe kowane gargaɗi, domin wayar da ke ƙara dare da rana kan abin da bai taka kara ya karya ba, ƙarshenta a daina dubawa. Katsewar layi, ƙarewar takarda da cikar akwatin mayar da littafi sun isa. Kowannensu kuma ya tafi wayar mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin, ba zauren WhatsApp na ma'aikata ba, inda kowa zai zaci wani ya je.

Inda ake yawan ɗauke wuta, batirin ajiya ya haɗa har da akwatin da ke raba intanet. In ba haka ba, na'urori suna aiki lafiya lau, shafi yana nuna maka sun mutu. Ka kuma tabbata suna iya riƙe bayanin aro idan layi ya katse, su tura shi in ya dawo.

Sai batun tsaro, wanda a ganina shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. SIP2 ba ta ɓoye abin da take aikawa, har lambar sirrin mamba, don haka a sa ta cikin rufaffen layi, nesa da wanda jama'a ke hawa kyauta. A Oktoban 2023 masu kutse sun durƙusar da laburaren birnin Toronto na tsawon watanni, har sai da aka riƙa jibge littattafan da aka dawo da su a cikin tireloli. Na'urar da har yanzu take kan Windows 10 ma a duba ta, tunda Microsoft ta daina kula da shi kyauta ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kafin ka sa hannu a kwangila da kamfanin na'urar, ka sa a rubuta wanda ke da izinin shiga na'urarka daga nesa, da kuma inda za ka ga tarihin shigarsa.