Yadda Shugabannin Japan Suka Yanke Shawarar Shiga Saberiya

A wannan darasi za mu duba wata shawara da mutane ƙalilan suka yanke a birnin Tokyo a 1918, wadda ta taɓa tukunyar talakawan Japan.

A ƙarshen 1917 'yan juyin juya hali na Bolshebik suka ƙwace mulki a Rasha. Gabashin ƙasar, wato Saberiya, yana kusa da Japan, teku ne ya raba su. Ingila da Faransa suka yi ta matsa wa Japan ta tura sojoji can. Manyan hafsoshi irin su Janar Tanaka Giichi sun so haka ƙwarai, domin sun ga damar samun gindin zama a yankin. Ministan harkokin waje, Motono Ichiro, yana bayansu.

Akwai kuma masu jan ƙafa. Hara Takashi, shugaban jam'iyyar da ta fi yawan kujeru a majalisa, bai yarda ba. Dattijon ƙasa Yamagata Aritomo, wanda shi kansa tsohon soja ne, ya ga hatsarin tafiya ba tare da Amurka ba. A nan ya kamata mu lura sosai, 'yan'uwa. Babbar hujjar masu jan ƙafa ita ce Amurka ba ta amince ba tukuna. Wannan hujja ta riƙe su wata da watanni, har Motono ya bar kujerarsa a Afrilu. Amma a Yuli shugaban Amurka Wilson ya nemi kowace ƙasa cikin biyun ta tura sojoji 7,000 don ceton mayaƙan Cek da suka maƙale a kan hanyar jirgin ƙasa ta Saberiya. Sharaɗi ya cika, bakin masu gardama ya mutu. Ranar 2 ga Agusta gwamnati ta ba da sanarwar tafiya.

Da ƙofa ta buɗe, ba wanda ya iya tsayar da adadin. A tsarin mulkin lokacin, umurnin soja yana ƙarƙashin sarki ne, ba majalisar ministoci ba. Cikin 'yan watanni sojojin Japan a yankin suka kai wajen 70,000.

Yanzu mu koma gida. Da 'yan kasuwa suka ji ƙishin-ƙishin yaƙi, sai suka ɓoye shinkafa suna jiran ta ƙara tsada, abin da mu ma muka sani a kasuwanninmu lokacin bazara. Tun a Yuli matan masunta a lardin Toyama suka fito suna hana a loda shinkafa a jirgin ruwa. Bore ya bazu cikin ƙasa, aka sa sojoji su kwantar da shi, a Satumba kuma Firayim Minista Terauchi ya yi murabus.

Hara ne ya gaje shi, ya gaji kuma yaƙin da bai so ba. An kashe shi a 1921 sojoji suna can. Amurka ta janye tun 1920, Japan sai a 1922, arewacin tsibirin Sakhalin kuwa sai a 1925.